Gada da Nauyin Mota Mai Tafiya

Ya kai mai karatu, ko ka taɓa tsayawa a kan gada lokacin da babbar mota take wucewa? In ka taɓa, to ka ji yadda gadar take girgiza a ƙarƙashin ƙafafunka. Wannan girgiza ba kullum take nuna haɗari ba. An gina gada ne domin ta ɗan lanƙwasa idan nauyi ya hau ta, sa'an nan ta koma yadda take. Amma lanƙwasawar tana da iyaka. A wannan darasi za ka ga abin da yake kai gada ga iyakarta, da yadda injiniyoyi suke auna ƙarfinta, da abin da kai kanka za ka iya dubawa da idonka.

Hanyoyinmu da kayan da suke ɗauka

Babbar hanyar ƙasa mai lamba 1 ta taso daga Yamai, ta bi ta Doso da Dogon Dutsi, ta ratsa Birnin Ƙonni da Tsarnawa da Galmi, ta wuce Madawa da Maraɗi da Damagaram. A Tsarnawa wata hanya ta rabu, ta yi arewa ta Badagishiri, cikin gundumar Illela, zuwa Tawa da Agadas. Daga Ƙonni kuma akwai wadda ta yi kudu, ta tsallaka iyaka zuwa Illelar Najeriya da Sakkwato.

Ka duba abin da yake bin waɗannan hanyoyi dare da rana. Akwai siminti daga Malbaza, inda ake sarrafa shi tun shekarun 1960. Akwai albasar Galmi da ake kaiwa har Gana da sauran ƙasashen bakin teku. Akwai tankokin mai, da hatsi, da taki, da dabbobi. Duk kaya ne masu nauyi.

A yankin nan ba mu da babban kogi irin na Yamai, inda gadar Kennedy take tun 1970. Abin da muke da shi shi ne kwarin Maggiya, da kwarin Badagishiri, da koramu masu yawa da suke bushewa da rani, su cika da damina. Saboda haka yawancin gadojinmu ƙanana ne. Wasu kwalbati ne kawai, wato ramin kankare da ruwa yake bi ta ƙarƙashin hanya. Mutum yakan wuce ta kansu bai ma lura ba. Sai ranar da ɗaya ya karye ake sanin darajarsa: albasa ta ruɓe cikin mota, kuɗin hatsi ya tashi a kasuwa, mai naƙuda ta kasa isa asibitin Galmi ko na Ƙonni.

Yadda gada take riƙe nauyi

Ka tuna da azarar rufin ɗaki. Bakinta biyu suna zaune a kan bango, tsakiyarta kuma babu abin da ya tallafe ta. Idan ƙasar rufi ta yi yawa, a tsakiya take lotsawa, kuma daga ƙasanta take fara tsagewa. Dalili shi ne, idan abu ya lanƙwasa, samansa yana matsewa, ƙasansa kuma yana jawuwa.

Haka gada take. Kankare yana da ƙarfi ƙwarai wajen jure matsi, amma wajen jure ja, ƙarfinsa bai wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na wancan ba. Shi ya sa ake jera rodi a cikinsa, musamman ta ƙasa. Kankare yana ɗaukar matsi, rodi yana ɗaukar ja. Idan ɗaya ya gaza, ɗayan ba zai iya aikin shi kaɗai ba.

Nauyin da yake kan gada iri biyu ne. Na farko shi ne nauyin jikinta: kankare, da ƙarfe, da kwalta. Wannan ba ya canzawa, kuma lissafinsa ba shi da wuya. Na biyu shi ne nauyin masu wucewa: motoci, da amalanke, da garken shanu, da mutane. Wannan shi ne mai wuyar sha'ani, domin yana zuwa yana tafiya, kuma wanda ya zana gadar ba shi ne yake yin lodi a tasha ba.

Mota a tsaye daban, mota a guje daban

Ga wani gwaji da za ka iya yi a kasuwa. Ka ɗora ƙullin gero a kan sikeli mai allura a hankali. Allurar za ta tafi sannu, ta tsaya a kan nauyin geron, mu ce kilo 5. Yanzu ka ɗaga shi, ka sake shi gaba ɗaya. Za ka ga allurar ta zarce kilo 5 da nisa, ta yi ta kai da kawowa kafin ta natsu. Geron bai ƙaru ba. Yadda ya sauka ne ya bambanta. Masana sun nuna cewa nauyin da aka saki farat ɗaya yana iya lanƙwasa abu har ninki biyu na yadda zai lanƙwasa shi da an ɗora a hankali.

Abin da yake faruwa da gada ke nan. Motar da take gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a daƙiƙa ɗaya. Gada mai tsawon mita 20, kafin ka ƙirga biyu motar ta hau ta sauka. Ga shi kuma babbar mota ba ta tafiya sumul. Jikinta yana zaune ne a kan sifirin da tayoyi, yana ta sama da ƙasa. Duk lokacin da ya yi ƙasa, nauyin da tayoyin suke dannawa ya fi na sikeli.

Abu uku ne suke ƙara wannan duka. Gudu yana ƙara shi. Lalacewar sifirin tana ƙara shi. Amma wanda ya fi su ɓarna, kuma aka fi raina shi, shi ne rami ko tudu a bakin gada. Ƙasar da aka cika a bakin gada takan zauna da shekaru, ita kuwa gadar tana nan inda take. Sai a sami ɗan mataki tsakanin kwalta da kankare. Taya mai ɗauke da tan biyar ko shida idan ta daki wannan mataki a guje, tamkar guduma ce aka sauke. Gyaran irin wannan wuri ba shi da tsada idan aka kwatanta da sake gada, amma sau da yawa akan bar shi har damina biyu ko uku.

Birki ma yana da nasa. Idan direba ya taka birki da ƙarfi a kan gada, motar tana tura shimfiɗar gadar gaba, ginshiƙai kuma su ji turin ta gefe. Tankin mai da bai cika ba ya fi muni, domin man yana kwararowa gaba a lokaci ɗaya.

Saboda waɗannan dalilai, injiniya ba ya tsayawa ga nauyin sikeli. Yana yin ƙari a kai. A ƙa'idar gina gadoji ta Amurka, alal misali, ana ƙara kashi 33 cikin ɗari a kan nauyin babbar mota saboda motsinta. Wato motar tan 30 ana ɗaukarta kamar ta tan 40.

Wannan ilimi da rayuka aka saye shi. A 1847 wata gadar jirgin ƙasa a kan kogin Dee, a garin Chester na Ingila, ta karye jirgi yana kanta, mutum biyar suka rasu. Bayan haka ne masana biyu, Robert Willis da George Stokes, suka yi gwaji da lissafi a kan yadda nauyi mai tafiya yake lanƙwasa ƙarfe. Kafin nan, a 1831, gadar Broughton kusa da Manchester ta faɗi lokacin da sojoji suke maci a kanta, ƙafafunsu suna sauka tare. Kowace gada tana da irin nata kaɗawa, kamar lilo. Idan duka yana zuwa daidai da kaɗawar, sai ta yi ta ƙaruwa. Tun daga nan aka hana sojojin Ingila taka ƙafa tare a kan gada.

Gatari ya fi jimillar nauyi muhimmanci

Gatari, ko aksul, shi ne ƙarfen da ya haɗa tayar dama da ta hagu. Duk nauyin mota ta kan gatura yake sauka ƙasa. Tirela takan kai tsawon mita 16. Kwalbatin da ke kan koramar ƙauyenku wataƙila bai wuce mita uku ko huɗu ba. Ke nan motar ba ta taɓa hawansa gaba ɗayanta. Gatari ɗaya ko biyu ne suke kansa a lokaci guda. Don haka ƙaramar gada ba ruwanta da jimillar nauyin mota. Abin da ta sani shi ne nauyin gatarin da ya taka ta.

Wannan yana nufin mota mai gatari biyu da aka yi wa lodi fiye da kima tana iya cutar da kwalbati fiye da tirela mai gatari shida da aka yi wa lodi daidai. Haka kuma, idan aka tara kaya a baya, ko a gefe ɗaya, gatari ɗaya zai ɗauki abin da ya kamata a raba wa uku.

Ɓarnar kuma ba ta tafiya daidai da ƙarin nauyi. Tana tsere masa. Daga 1958 zuwa 1960 an yi wani babban gwaji a jihar Illinois ta Amurka. An gina hanyoyi da ƙananan gadoji, aka sa manyan motoci masu nauyi daban-daban suna zagayawa a kansu har shekara biyu. Aka gano cewa idan nauyin gatari ya ninka sau biyu, ɓarnar da yake yi wa kwalta tana ninkawa kusan sau 16. Gatarin da ya kamata ya ɗauki tan 12, idan aka ɗora masa 18, wucewarsa sau ɗaya daidai take da wucewar gatari biyar masu lodin ƙa'ida. Wannan lissafin kwalta ne. Na ƙarfen gada bai kai haka ba, amma shi ma ninki biyu na nauyi yana jawo gajiya kusan ninki takwas.

Gajiyar ƙarfe

Ka ɗauki waya, ka lanƙwasa ta sau ɗaya. Ba za ta karye ba. Ka ci gaba da lanƙwasa ta gaba da baya a wuri ɗaya. Can za ka ji ta yi zafi, sai ta tsinke. Lanƙwasawar ƙarshe ba ta fi ta farko ƙarfi ba. Taruwa suka yi.

Kowace babbar mota da ta wuce, lanƙwasawa ɗaya ce ga gada. Idan lodi yana cikin ƙa'ida, gada tana iya jure miliyoyin irinta. Idan ya wuce ƙa'ida, ƙananan tsagu suna buɗewa a ƙasan kankare. Ruwa da iska su shiga, rodi ya yi tsatsa. Tsatsa kuwa kumbura take yi, sai ta ɓamɓare kankaren da ya rufe rodin. Daga nan rodin yana sirancewa shekara bayan shekara.

Shi ya sa maganar da direbobi suke yi, cewa "jiya na wuce da lodin da ya fi wannan, ba abin da ya faru", ba hujja ba ce. Jiya ta bar tabonta a cikin gadar, ido ne bai gani ba. Motar da gada take karyewa a ƙarƙashinta sau da yawa ba ita ce mafi nauyi da ta taɓa bi ba.

Ruwa ne yake fara aikin

A ƙasar Adar, mota ba ita kaɗai take kayar da gada ba. Ruwan korama yana saukowa daga kan duwatsu da ƙarfi, cikin ɗan lokaci. Idan ya iso ginshiƙin gada sai ya yi juyi, ya kwashe yashin da ke gindinsa. Da ruwan ya janye, sabon yashi marar ƙarfi yakan rufe ramin, a ga kamar ba abin da ya faru. Alhali ginshiƙin ya rasa mazauninsa. Gadar da take ɗaukar tan 40 da rani tana iya kasa ɗaukar rabin haka bayan ambaliya ɗaya. A watan Agusta na 2024 ruwa ya yanke hanya mai lamba 1 a mashigar Yamai, manyan motoci suka yi jerin gwano suna jira. Abin da ya faru can yana iya faruwa a kowace korama tsakanin Ƙonni da Galmi.

Mu ma muna taimaka wa ruwan. Ɗibar yashi a gindin gada don gini ko bulo yana tone harsashinta. Zuba shara a bakin kwalbati yana toshe shi, ruwa ya nemi hanya ta gefe, ya cinye ƙasar da ta riƙe hanya. Ƙona shara a ƙarƙashin gada kuma yana fasa kankare.

Yadda ake auna ƙarfin gada

Aikin yana farawa da ido. Injiniya yana sauka ƙarƙashin gada, domin can ciwon yake. Yana bin tsagu yana auna faɗinsu. Tsagar da ta wuce kusan kashi uku cikin goma na milimita, wato kaurin takarda uku, ana sa mata ido. Yana ƙwanƙwasa kankare da ƙaramar guduma. Mai lafiya yana ƙara tsaf, wanda ya rabu da rodi kuma yana amsawa kamar fasasshiyar tukunya. Yana kuma soka sanda a gindin ginshiƙi ya ji zurfin yashin da ba shi da ƙarfi.

Bayan haka sai a san abin da yake bin hanyar. Ana ƙirga motoci na kwanaki, a auna nauyinsu gatari bayan gatari. Akwai sikelin da mota take hawa ta tsaya. Akwai kuma na'urar da ake binnewa cikin kwalta, wadda take auna mota tana cikin tafiya. Da wannan ake gane ko lodin yau ya zarce wanda aka zana gadar dominsa shekaru da suka wuce.

Idan akwai shakka, ko kuma gadar sabuwa ce, sai a yi gwajin lodi. Ana cika motoci da yashi ko tsakuwa, a auna su, a jera su a tsakiyar gada. A auna milimita nawa ta lotsa. Sa'an nan a janye motocin, a ga ko ta koma daidai. Wannan komawar ita ce babbar shaida. Gadar da ta lotsa ta dawo, da sauran ƙarfinta. Wadda ta lotsa ta zauna a haka, wani abu ya saki a cikinta.

Gwaji na ƙarshe shi ne na motsi. Ana liƙa ƙananan na'urori masu jin girgiza a jikin gada. Mota ɗaya da aka san nauyinta ta wuce a hankali, ta sake wucewa da matsakaicin gudu, ta kuma wuce a guje. Wani lokaci akan ajiye katako a kan hanya domin taya ta yi tsalle, kamar ta faɗa rami. Sai a kwatanta lotsawar gudu da ta tsaye. Ana kuma ajiye lissafin kaɗawar gadar. Idan bayan shekaru aka sake aunawa aka ga kaɗawar ta yi sanyi, to gadar ta yi laushi.

Daga sakamakon ne hukuma take yanke shawara: a gyara, ko a rage gudu, ko a ce mota ɗaya ɗaya za ta hau, ko a rufe. Idan ka ga allo mai da'ira da jan baki, an rubuta 10 t a ciki, ma'anarsa motar da nauyinta da kayanta ya wuce tan 10 kada ta hau. Wannan lamba daga awo ta fito.

Abin da doka ta ce

A watan Disamba na 2005 ƙasashe takwas na ƙungiyar UEMOA, har da Nijar, suka amince da doka mai lamba 14 a kan lodin manyan motoci. Gatarin gaba kada ya wuce tan 6. Gatarin baya guda ɗaya mai tayoyi bibbiyu kada ya wuce tan 12. Mota mai gatari biyu iyakarta tan 18, mai uku tan 26, tirela mai gatari shida kuma tan 51. Ka lura, wannan har da nauyin motar kanta.

Mu yi lissafi da siminti. Buhu ɗaya kilo 50 ne, buhu 20 tan ɗaya ke nan. Mu ƙaddara tirelar da ba kaya tana da tan 17. Saura tan 34, wato buhu 680. Wanda ya ƙara buhu 200 a kai ya ƙara tan 10. Tarar da dokar ta sa ita ce sefa 20,000, wato jika ashirin, a kan kowane tan na ƙari idan jigilar cikin ƙasa ce, da sefa 60,000 idan ta tsallaka iyaka. Kuma dole a sauke ƙarin kafin mota ta ci gaba. Dokar ta kuma wajabta wa tashoshin jiragen ruwa da masana'antu da suke fitar da kaya fiye da tan 200,000 a shekara su auna mota kafin ta fita ƙofarsu.

An daɗe ana jan ƙafa wajen aiki da wannan doka a ƙasashen ƙungiyar. Gaskiya ne mai mota yana da kukansa: mai ya yi tsada, kayan gyara sun yi tsada, ga kashe-kashen kuɗi a hanya. Mai albasa kuma yana son buhunansa su tafi a mota ɗaya. Amma ribar ƙarin lodi mutum ɗaya ne yake cin ta a tafiya ɗaya, kuɗin sake gada kuwa daga aljihun kowa yake fita. Shi kansa mai motar yana biya ta wata hanya, da fashewar taya, da karyewar sifirin, da birkin da ba ya kamawa a gangara.

Abin da ya rage gare ka

In kai direba ne, ka rage gudu kafin ka iso gada, ba a kanta ba. Ka bar tazara tsakaninka da babbar motar da ke gabanka, domin kada nauyinku ya haɗu. Kada ka tsaya a kan gada, kada kuma a jibge kaya a kanta. A 2007 wata babbar gada ta faɗi a Minneapolis ta Amurka, mutum 13 suka rasu. Bincike ya nuna farantan ƙarfen da suka haɗa ta sun yi sirara tun asali, kuma a ranar an tara yashi da tsakuwa da motocin aiki a daidai wurin da yake da rauni.

In kuwa gadar kusa da ƙauyenku take, ka riƙa leƙa ƙarƙashinta bayan kowane babban ruwa. Ka duba ko rodi ya fito fili, ko akwai jan ruwan tsatsa a jikin kankare, ko wata tsaga ta ƙara faɗi. Za ka iya shafa ɗan siminti a kan tsagar, ka rubuta kwanan wata a gefe. In simintin ya tsage bayan makonni, tsagar tana motsi. Ka duba ko gindin ginshiƙi ya tonu, ko kwalta ta lotsa a bakin gada, ko dogarin gefe da yake miƙe a da ya karkace. Ramin da ya buɗe a tsakiyar hanya daidai kan kwalbati alama ce ruwa yana janye ƙasa ta ciki. Wannan ba ya jiran gobe.

Idan ka ga ɗaya daga cikin waɗannan, ka sanar da maigari da ofishin magajin gari, su kuma su kai ga ma'aikatan hanya na gunduma. Ka faɗi sunan koramar, da lambar dutsen kilomita mafi kusa, da ranar da ka gani. In akwai mai salula, a ɗauki hoto. Kafin ma'aikata su iso, a jera rassan itace ko duwatsu nesa da wurin ta ɓangarorin biyu, yadda direban dare zai gan su tun yana da sararin tsayawa.